Layi na 418,207

Ƙarfe biyun dare a Auckland.
Ruwa na dukan tagar ofis,
daga ni sai kwamfuta,
sai injin sayar da lemo da ke gunaguni a baranda.

Shekara uku ke nan ina tankaɗe maganganun mutane.
Saƙo miliyan biyu da ɗoriya,
an cire sunaye, an shafe fuskoki,
kowa ya koma lamba
kamar yadda kwamitin ɗa'a ya gindaya.
Farfesa Whitcombe ya ce in gano
inda ƙiba ke kwana a taswirar gari,
da abin da baki ke faɗa kafin ta yi sallama.

Na gano.
Kalmar da ta fi yawa ba kaza ba ce,
ba sukari ba, ba yunwa ba.
Gobe ce.
Gobe zan fara tattaki. Gobe zan bar lemo.
Na zana ta a jadawali:
takan yi tsauni daren Lahadi,
kafin Laraba ta zube.

Kudancin gari ya fi rubutu da tsakar dare,
lokacin da arewa ke minshari.
Masu share jirage, masu jera kaya a sito,
masu juya tsofaffi a gadon asibiti,
su ke ɗaukar hoton abin da ya rage a buɗe:
soyayyen dankali a takardar da mai ya nashe.

Yau injin ya turo samfuri in duba da ido
ko rabonsa ya yi daidai.
Layi na 418,207:
"likita ya ce in rabu da naman gwangwani...
to ranar Lahadi me zan ajiye wa baƙi, ganye?...
gobe dai"
Ɗigo uku, ɗigo uku, sai jan fure a ƙarshe.

Mutum ɗaya na sani a Mangere
da ke rufe zance da furen nan.
Ita ta raine ni sa'ad da uwata ke aikin dare.
Ita ta sayar da tabarmar da ta gada
ta biya min kuɗin zangon farko.
Bara aka yanke mata yatsu biyu a ƙafar hagu,
ta ce wa nas, ai yanzu takalmi zai fi shiga.

Injin ya jefa ta rukuni na huɗu,
masu ƙin bin shawarar likita.
Ya ce ya tabbata, kashi casa'in da ɗaya cikin ɗari.

Hannuna ya daɗe a kan linzami.
A doka, ban san ta ba.
Akwatin gyara zaɓi shida gare shi,
babu mai cewa: tana gudun kunyar baƙo.
Babu mai cewa: albashi na ƙarewa
kafin a kai layin kayan lambu.
Na bar shi yadda na same shi.
Na kashe fitila.

Lahadi bayan coci, gareji ya cika da dangi.
Inna Fetuao a kujerar roba,
ƙafar nan a kan bokitin da aka kife.
"Sinalei, har yau karatun?
Wai me ma kike bincike?"
Na ce, abin da mutane ke ci, Inna,
da abin da suke faɗa a kai.

Ta yi dariya har kujera ta yi ƙara.
"Shekara uku?
Da kin zo kin tambaye ni."

Ta jawo farantina,
ta ƙara gwaza, ta malala madarar kwakwa,
ta yanko naman nan, ta zaɓo wajen kitsen.
"Dubi wuyanki, kamar ba ki da kowa."

A babi na biyar, shafi na ɗari da tara,
akwai ɗigo guda cikin dubban ɗigo,
sama da layi kaɗan, ta hannun dama.
Ranar Alhamis zan tsaya gaban malamai in yi bayaninsa.

Na cinye.
Ta ƙara.